Kusoshin taya sun karye a 504 ɗin Baba: a yi walda ko a sake?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar manya nake nema. Motar marigayi mahaifinmu ce, Peugeot 504 ta 1982, haɗin Kaduna. Shekara shida tana kwance a gida nan Zariya an lulluɓe ta da tamfol, bana na ce sai na tashe ta. Inji ya tashi, birki mun taɓa shi. Ranar Asabar na kai ta wurin mai faci aka sa mata sababbin tayoyi, ya ɗaure da injin iskan nan mai tatatata. Jiya zan duba birkin gaba na hagu, ina sa wil sifana sai noti ɗaya ya taho da rabin kusar a cikinsa, kamar an karya rake. Na biyu kuma juyi kawai yake, ba ya fita ba ya ɗauruwa. Biyu ke nan suka rage suna riƙe da tayar. Mai waldan layinmu ya ce in kawo ya ɗiga mata wuta, aikin minti goma. Ranar Juma'a akwai ɗaurin aure a Funtuwa, kuma raina na so in shiga da ita. Yaya zan yi?

Ogan Gareji:
Wa alaikumus salam. Ko bakin titi kada ka fita da ita. Kusa biyu cikin huɗu ba mota ba ce, makara ce. Ka turo hoton inda ta karye mu gani.

Baban Ummi:
Ga shi nan Oga. Na ɗauka da hasken rana.

Malam Injiniya:
Madalla da hoton nan. Ku duba fuskar karayar: fiye da rabi baƙi ne, ya yi tsatsa, da wasu layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi. Ɗan gefen da ke ƙyalli shi ne kaɗai abin da ya karye jiya. Wato kusar nan ta daɗe da tsagewa, wataƙila tun Baba na raye yana tuƙa ta. Mai faci ƙarasa ta kawai ya yi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: nauyin mota ba a kan kusa yake zaune ba. Aikin kusa da noti su matse rim a jikin hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, sosai, matsin nan ne ke riƙe da nauyin. Da zarar noti ya yi sako-sako, rim zai fara motsi kaɗan-kaɗan, duk juyin taya sai ya lanƙwasa kusar sau ɗaya. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ai ka san ƙarshenta. In kuma aka ɗaure fiye da ƙima, kusar miƙewa take ta sirance, ba ta komawa yadda take. Duka biyun karaya suke kaiwa.

Mai Walda Tudun Wada:
Malam Injiniya Turancinku ya yi yawa. Ni na yi wa motoci walda a wannan wurin ba adadi, ba wanda ya dawo ya ce mini taya ta fita.

Direban Damagaram:
Wanda tayarshi ta hita yana gudu ai ba ya dawowa ya ba ka labari, ɗan'uwa.

Mai Walda Tudun Wada:
Kai dai ba ka da dama! To amma a faɗi gaskiya, ni ba haɗa karyayyar kusa nake nufi ba, wannan ko yarona ba zai yi ba. Wadda ke juyi nake magana. A ɗiga mata wuta ta baya a kan kanta, ta kama jikin hob, shi ke nan.

Ogan Gareji:
Na gane abin da kake nufi, kuma ban ce ba a yi ba, ana yi kullum. Amma ka ji dalilin da ya sa ni ba na yarda a yi a garejina. Kusar taya ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi tauri a masana'anta. Ka sa masa wutar walda, ka warware wannan gashin, daidai wuyanta inda duk wahalar take. Wani wurin ya yi laushi, wani ya yi tauri irin na gilashi. Na biyu, boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da hob ke juyawa a kansu, na nan kusa, zafin zai narkar da girisinsa. Na uku, ranar da kusar ta sake lalacewa, wanda zai cire ta sai ya ci hob ɗin da giranda. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, an je gyara an ƙara ɓatawa.

Baban Ummi, ga yadda za ka bi. Sassauta notocin nan biyu masu lafiya tun motar na ƙasa. Sa dutse a tayoyin baya, ka ɗaga da jak, sannan ka sa mata abin tsayawa na ƙarfe ko katako mai kauri. Bulo na siminti ba abin dogaro ba ne, fashewa yake ba sallama. Notin da ke juyi, ka mayar da sauran biyun ka ɗan ɗaure su don rim ya tsaya cak, sai a yanka shi da giranda a hankali, ko a tsaga shi da kurfi mai kaifi. Hattara da rim ɗin, na 504 ba a kowane lungu ake samunsa ba yanzu.

In taya ta fita, kwance kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kada ka bar ta tana lilo a kan tiyon man birki. Daga nan ka cire hob ɗin gaba ɗaya ka kai shi kan benci. In faifan birki ya tare kawunan kusoshin ta baya, shi ma a kwance shi, ka yi masa alama da alli don ya koma yadda ya fito.

Yaron Oga:
Oga ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Mu a inda nake koyo ba ma cire hob. Guduma muke sa wa kusar tana jikin mota, bugu uku ta faɗa ta baya. Laifi ne?

Ogan Gareji:
Duk bugun da ka yi, ina yake sauka? A kan ƙwayoyin boris. Kowane bugu sai ya bar ɗan rami a hanyar da suke bi. Ba za ka ji komai ranar ba. Bayan wata biyu mai mota ya dawo yana cewa gabansa na kuka wuuu, ku sayar masa da boris, ku ce tsufa ne. Na san wannan cinikin, yaro, ni ma an koya mini shi.

In dole ne a jikin mota za a yi, akwai ƙarfen da muke cire bol-jon da shi, mai matsewa da zare. Ka saita shi ya tura kusar baya, ba bugu. A kan benci kuma, ka kifa hob, ka sa soket babba ko guntun bututu a ƙarƙashin kan kusar yadda za ta faɗa ciki, sai a danna da injin matsi. In babu injin, nan kam guduma ta halatta, tunda bututun ne ke karɓar bugun. Amma ka jiƙa wurin da kananzir ko man kwance tsatsa tun dare.

Maman Sadik:
Ni fa kun ɓatar da ni. Volkswagen ɗina, kunkurun nan, babu wata kusa da ke tsaye a jikinta. In an cire taya ramuka ne kawai, bolt ake ɗaurawa ta waje. Ko an cire mini nawa ne ban sani ba?

Malam Injiniya:
Ba a cire miki komai ba Hajiya, haka aka ƙera ta. Jamusawa bolt suka fi so: Volkswagen, Mercedes, BMW, zaren yana cikin hob ko dirom ɗin. Su Toyota da Datsun da wannan 504 kusa ce a tsaye, noti ke hawa kanta. Taki matsalar daban ce, in zare ya cinye to a jikin dirom ya cinye. Shi ya sa ke ma kada ki bari a sa miki injin iska kafin a fara ɗaura bolt ɗin da hannu.

Maman Sadik:
To Alhamdu lillahi. Har na fara zargin bakaniken da ya yi mini birki bara, bawan Allah.

Direban Damagaram:
Mu nan gujon muke ce ma kusar, sunan Faransanci. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan 504 doguwa tsakanin Damagaram da Maraɗi, mutum tara da kaya bisa kai. Abin da ni gani da idona: in ɗaya ta karye, sauran ukun sun sha wahalar da ba tasu ba. Ka sake ɗaya, bayan sati biyu maƙwabciyarta ta bi ta. Ka sake huɗun duka na wannan ƙahwa, malam. Kuɗin gujon huɗu bai kai kuɗin rim ɗaya ba, balle kai.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. To ina zan samu? Wani ya ce in sayi na Toyota, wai duk 12 ne.

Ogan Gareji:
Wanda ya gaya maka haka shi ne irin wanda ya kashe kusar da ke juyi. Kauri ɗaya ne, milimita 12, amma zaren ba ɗaya ba. Na Peugeot tazarar zarensa 1.25, haka na Datsun da Nissan. Na Toyota da Honda 1.5. Notin Toyota zai hau kusar Fijo zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sannan ya cije. Mai hankali ya tsaya a nan. Mai injin iska kuwa ba ya jin cijewa, turawa kawai zai yi har zaren ya cinye, ƙarfin ya koma kan haƙoran da ke riƙe da kusar a cikin hob, su ma su sheƙe. Sai ta kama juyi. Ka duba notocin motar duka goma sha shida, ina zargin akwai baƙi a cikinsu.

Malam Injiniya:
Gwaji mai sauƙi in ba ka da ma'aunin zare: ɗora rula a kan kusar, ƙirga zare nawa ke cikin milimita 10. In ka samu 8, to 1.25 ce. In ka samu tsakanin 6 da 7, 1.5 ce.

Kuma zare ba shi kaɗai ba ne. Abu huɗu za ka auna a tsohuwar kusar kafin ka biya kuɗi: zaren, tsawonta, kaurin wuyan nan mai haƙora da ke shiga hob, da tsawon wuyan. Wuyan shi ne asirin aikin. An yi shi ya ɗara ramin kaɗan don haƙoran su ciji ƙarfe. In ya yi siriri za ta yi juyi, in ya yi kauri da yawa zai iya tsaga hob. In kuma wuyan ya cika tsawo ya leƙo waje, rim ba zai kwanta daidai ba. Ka je da ɗaya daga cikin masu lafiyan a aljihu, da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, in za ka samu aro.

Ɗan Panteka:
Ku zo kasuwar Panteka ta Kaduna kawai, ko ta Ƙofar Ruwa in Kano ta fi muku kusa. Ni shawarata ma kada ka wahalar da kanka da kusa ɗai-ɗai. Ramin da kusa ta yi juyi a ciki ya riga ya buɗe, sabuwa ba za ta kama ba. Sayi hob sukutum na cire, da kusoshinsa na asali a jiki. Ƙarfen da ya fito daga masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ko Faransa ya fi sabon kwali na yanzu sau goma. Tun 1975 aka yi ta haɗa motar nan a Kaduna har wajen shekara talatin, kayanta ba su ƙare a ƙasa ba.

Malam Injiniya:
Rabin maganarka na karɓa. Hob na cire, e, in ramin ya buɗe shi ne mafita mafi tsafta. Amma kusoshin da ke jikinsa fa? Shekara arba'in suna shan ramukan hanya da hannun masu faci, ba ka san wace ce ta tsage a ciki ba. Ta Baban Ummi ma ai lafiya take a ido kafin jiya.

Ɗan Panteka:
To sabuwar da za ka saya ka san inda aka yi ta? Na ga sabuwa fil da aka murɗe ta da wil sifana na hannu kamar alewa.

Malam Injiniya:
Wannan ma gaskiya ce, ban musa ba. Shi ya sa ake duba kanta. Kusar taya ta kirki yawanci lambar ƙarfinta 10.9 ce, da yawa an buga lambar a kai. Bolt ɗin da ake sayarwa a shagon kayan gini, mai 4.6 ko 4.8 ko wanda ba lamba sam, ko rabin ƙarfinta bai kai ba. Lambar ma ana iya buga ta ƙarya, na sani. Ka sayi a hannun wanda in ta lalace za ka iya komawa ka same shi a shagonsa.

Alhaji Mai Dodge:
Ina biye da ku daga nan Amurka, ƙarfe uku na dare. Bari in ƙara wani abu don masu tsofaffin motocin nan ƙasar, ko da yake bai shafi 504 ba. Motocin kamfanin Chrysler na da, su Dodge da Plymouth, har wajen 1970 kusoshin gefen hagu zaren hagu gare su. Za ka ga harafin L a bakin kusar. Ka juya yadda ka saba don kwancewa, ɗaurewa kake. Ni da kaina na karya biyu a makon da na sayi tawa, ina ta zagin tsatsa, ashe ni ne mai laifin. Sannan a wasu tsofaffin motocin nan, an dandaƙe wuyan kusar a kan dirom don ya haɗe shi da hob. In ba ka fara yanke wannan dandaƙen ba ka danna ta da ƙarfi, sai ta yage ramin ta wuce.

Ogan Gareji:
Alhaji ko a nan akwai. Manyan motocin Japan da yawa, irin su Canter, gefen hagunsu zaren hagu ne. Yara nawa suka hau kan bututu suna tsalle a kan notin da suke ƙara ɗaurewa.

Yaron Oga:
Oga to wajen sa sabuwar fa? Mu wasa, zoben ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, muke jerawa a kan kusar, mu juya noti ta bayansa mai faɗi, mu ja ta har ta zauna.

Ogan Gareji:
Wannan hanyar ba ta da laifi in an yi ta da hankali, ni ma ina yi a kan hanya. Sharaɗi: wasa masu kauri, ɗan mai a kan wasan don su zame, notin da za ka jefar bayan an gama, kuma da hannu. Ka saita haƙoran sabuwar su faɗa sawun tsofaffin. Ka riƙa leƙa baya har kan kusar ya kwanta a jikin hob, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba.

Malam Injiniya:
Nan ne ni da Oga za mu ɗan saɓa. Ƙarfin da ake bukata a jawo wuyan nan cikin rami wani lokaci ya fi wanda aka yarda a ɗaure notin da shi. Wato tun ba ta fara aiki ba ka riga ka miƙar da ita. Tunda hob ɗin yana kan benci, me ya hana a danna ta da injin matsi ta baya? Zaren ba zai ji komai ba.

Ogan Gareji:
Ai ba mu saɓa ba Malam. Na ce a kan hanya. In ga inji ga benci, wa zai tsaya jan wasa? Sai dai a tallafi hob ɗin da bututu daidai ƙarƙashin ramin, kada a lanƙwasa fuskarsa. Hob ya lanƙwashe ko kaɗan, sitiyari zai riƙa rawa in ka taka birki.

Direban Damagaram:
Ku yi mishi maganar mai. Mu da muna shafa baƙin mai bisa gujon don kada shi yi tsatsa.

Malam Injiniya:
Yawwa, gara da ka tuno. Adadin ƙarfin ɗauri da ke cikin littafin mota na busasshen zare ne mai tsafta. Ka shafa mai ko girisi, noti zai yi santsi, da ƙarfin hannu iri ɗaya sai ka ja kusar fiye da yadda aka tsara. A goge zaren da burushin waya, shi ke nan. A goge fuskar hob da bayan rim ma, tsatsa ko busasshen fenti a tsakani yana murƙushewa daga baya, noti ya saki.

Ɗauri kuma: kowane noti a fara shi da yatsu, ya shiga zagaye da yawa ba gardama. A ɗaure a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a bi layi ba. Ƙarshen ɗauri da sifana mai ma'auni bayan an sauke motar, a bi lambar da ke littafinta. Don ku ga tazarar: ƙananan Toyota da yawa 103 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, injin iskan masu faci kuwa yana iya ba da ninkin haka sau uku ko fiye. Noti ya ci zare aƙalla tsawon kaurin kusar, wato milimita 12, kusan zagaye goma a zaren 1.25. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bi, musamman da sababbin kusoshi, don sukan ƙara zama.

Mai Walda Tudun Wada:
Sifana mai ma'auni! A duk layinmu wa ke da shi? Ku dai faɗi abin da talaka zai iya.

Ogan Gareji:
Talaka na da wil sifanan da ya zo da motar. An yi tsawonsa daidai ƙarfin hannun mutum. Ka ɗaure da shi da hannu, kada ka ƙara masa bututu, kada ka hau kai da ƙafa. Ba za ka yi nisa da daidai ba. Baban Ummi kuwa in ya shigo Kaduna ya biyo ta wurina, ina da mai ma'aunin.

Baban Ummi:
Jama'a ga bayani, yau Lahadi. Funtuwa dai motar haya na bi, 'yan'uwa suna ta tambaya ina motar Baba da na yi ta cika baki. Jiya muka cire hob. Maganar Ɗan Panteka ta tabbata, ramin da kusar ta yi juyi ya buɗe, sabuwa da yatsa take shigewa. Na sayi hob na cire, muka fitar da tsofaffin kusoshinsa da injin matsi muka sa sababbi huɗu, kamar yadda Malam Injiniya ya ce. Boris da sil ma na sake tunda an riga an buɗe. Oga, zarginka ya yi daidai: cikin notoci goma sha shida, uku ba na motar ba ne, biyu a gaban nan ɗaya a baya dama. Na bayan ya ci zaren tasa kusar, ita ce aikin Asabar mai zuwa.

Ɗan Panteka:
Tsofaffin kusoshin da kuka fitar fa, kada ka zubar. Kawo mini.

Malam Injiniya:
Ka sayar wa wa?

Ɗan Panteka:
Malam ka bar wannan maganar.

Baban Ummi:
Suna nan a gwangwanin madara, na ajiye ɗaya don aunawa. Oga, na baya shi ma sai an cire hob, ko akwai wurin da kusar za ta fita ta baya? In tura hoto?

Ogan Gareji:
Turo. Ka cire tayar tukuna, ka ɗauka ta gefe yadda zan ga bayan.